Yadda Za Ka Rubuta Waƙarka ta Farko, Daga Zaɓen Jigo Har Zuwa Rerawa

A fadarmu nan Tawa, idan aka ɗauke kuran bayan isha'i, jama'a kan rabu gida uku. Masu sauran caji a salula su duƙufa kan fim, ƴan belot su jawo tocila su ci gaba da rigimarsu, mu sauran mu zuba wa buta ido muna jiran shayi na biyu. A irin wannan dare ne ƙanen wani abokina ya matso kusa da ni, ya zaro kaye daga aljihu kamar mai ɓoye kayan sata, ya ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan. Waƙa ce na rubuta."

Na haska. Layi ashirin da wani abu, kowanne ya ƙare da "ta": zuciyata, masoyiyata, rayuwata, idaniyata. Rubutu tsaf, hannu mai kyau. Na mayar masa na ce, "To, rera mini." Layin farko ya tafi daidai. Na biyu sai da ya ja shi kamar danƙo kafin ya cika. A na uku kalmomi suka yi masa yawa a baki, ya haɗiye biyu, ya tsaya yana dariyar kunya.

Ban taya shi dariyar ba, don ni ma ta nan na biyo. Waƙata ta farko wani dattijon malami na kai wa a zaurensa. Ko takardar bai karɓa ba, ya ce, "Karanta, yaro." Ina karantawa yana buga yatsa a kan buzu, can sai yatsan ya tsaya cak. "Nan ta karye." Na ce, "Allah gafarta malam, ai amsa-amon ya zo daidai." Ya ce, "Amsa-amo hula ce. Ina rigar?"

Wannan jagora bayanin ɗinkin rigar ne. Ba ka bukatar komai sai kaye, bik, da wurin da za ka yi ƴar murya ba tare da an ɗauka ka taɓu ba.

Wace waƙa ake nufi

Waƙa iri biyu Bahaushe ke da ita. Akwai ta baka, ta makaɗa, mai tafiya da kalangu ko gurumi ko molo da ƴan amshi, irin ta su Ɗan Gurmu wanda ake gasar kiɗa da sunansa a nan Nijar. Akwai kuma rubutacciya, wadda ta fito daga zauren malamai, ana rera ta ba kiɗa. Ita nake nufi. Mu mutanen jihar Tawa bai kamata mu ɗauke ta baƙuwa ba: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda shi da iyalansa da almajiransa suka yaɗa ta a ƙarni na 19, a Marata aka haife shi cikin 1754, nan kusa da Galmi. Ƴarsa Nana Asma'u, haihuwar 1793, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ajami suke rubutawa, wa'azi da ilimi ne jigonsu. A ƙarni na 20 boko ya shigo, marubuta irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka buɗa ƙofar, siyasa da zaman duniya da raha duk suka samu shiga.

Abu guda nake so ka riƙe daga tarihin nan. Aliyu Namangi na Zariya, ɗaya daga cikin manyan wannan fanni, makaho ne. Da ka yake tsarawa, wasu su rubuta. Ke nan duk da sunanta rubutacciya, kunne ne ke yin aikin, bik ɗan aike ne kawai.

Mataki na farko: zaɓi abin da idonka ya gani

Mafi yawan masu farawa soyayya suke kamawa, kuma ba soyayyar tasu ba, wadda suka ji a fina-finan Kano da fassarar Indiya. Ba laifi ba ne kallon fim, ni ma ina kallo. Matsalar ita ce kalmomin can an tauna su har sun zama tuƙa, ba sauran zaƙi. In ka ce "hasken idaniyata", mai sauraro ya riga ka zuwa ƙarshen layin.

Dubi kewayenka. Kasuwar Lahadi da ƙurar dabbobinta. Buhunan albasa jibge a bakin titin Galmi suna jiran mota. Matar da mijinta ya tafi Abijan shekara uku, sai murya a salula. Ɗan kokowa da aka kayar a gaban mutanen garinsu, ga shi nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, labarin kokowa ba ya ƙare mana. Mai kabu-kabu da ruwa ya kama a hanya. Kowanne cikin waɗannan waƙa ce, kuma ba wanda ya riga ka rubuta ta yadda kai ka gan ta.

Idan ka zaɓa, faɗi jigon da jimla ɗaya ta magana, ka rubuta a saman shafi. Ni ga nawa, wanda za mu bi da shi har ƙarshe: jiran ruwan shuka, lokacin da hatsi ya yi tsada. In jigonka ya ƙi shiga jimla ɗaya, waƙa biyu ce ka haɗa, raba su.

Daga nan cika rabin shafi da abubuwan da ke cikin jigon, ba tare da tunanin waƙa ba tukuna. Ni na rubuta: gabas, iri, rumbu, tiya, tunkiya, bashi, ƙamshin ƙasa, tuwo, roƙon ruwa. Ba duka za su shiga ba.

Mataki na biyu: koyi auna gaɓa

Nan ne aikin yake, nan kuma mutane ke gudu. Ka daure, abin bai kai yadda ake tsoronsa ba.

Kowace kalmar Hausa gaɓoɓi ce, kuma gaɓa iri biyu ce kawai a wajen mai waƙa: sassauƙa da nannauya. Sassauƙa ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ru" a cikin ruwa, ko "gi" a cikin gida. Nannauya kuwa hanya uku take zuwa: baƙi da dogon wasali, kamar "go" a cikin gona, baƙi da tagwan wasali, kamar "kai" ko "yau", ko gaɓar da baƙi ya rufe, kamar "han" a cikin hanya. A kaye ana yi wa sassauƙa alamar v, nannauya kuma –.

Tarkon shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da muke zaune da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko "ga" ɗinsa gajere ne, na biyu dogo. Dafa abinci da dafa kafaɗa haka. Wanda ya yi makarantar allo ya ɗan fi samun sauƙi, domin ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Kai mai boko dabararka ita ce ka faɗi kalmar a hankali, kamar kana koya wa yaro, ka ji inda murya ta daɗe. A kayen gwaji ma ka riƙa ninka wasalin: goonaa, raanaa, gidaa, ruwaa. Ba wanda zai gani.

Kula da ƙananan kalmomi, su ne ke yin ɓarna. "Ya" a cikin "ruwa ya zo" dogo ne, amma a cikin "lokacin da ya zo" gajere ne. "Na" da "ta" ma haka. Aikatau kuma yana sauya ƙarshensa: "ya duba" ƙarshensa dogo, amma "ya duba hanya" ya gajarce. Bakinka ya san duk wannan tun kana goye, bai taɓa kuskurewa ba. Abin da ya rage kawai ka saurare shi.

Yi kwana biyu ko uku kana wannan wasa kafin ka wuce. Sunayen ƴan fada, sunayen unguwanni, abin da aka rubuta a bayan mota, duk auna su. Manomi: v – –. Kasuwa: – v –. Hadari: v v –.

Mataki na uku: kama kari guda

Kari shi ne jerin sassauƙa da nannauya da ke maimaituwa a kowane ɗango, wato kowane layi. Malamanmu daga Larabci suka aro ma'aunan, ilimin da ake kira aruli. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara guda 15, Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Ba duka Hausa ta ɗauka da yawa ba. Waɗanda za ka fi cin karo da su su ne Mutaƙarab, Mutadarak, Ramal, Rajaz, Kamil, Wafir da Basiɗ.

Kada ka tsaya haddace su. Ɗauki Mutaƙarab, a ganina shi ya fi sauƙi ga mai koyo domin ƙafarsa ɗaya ce tana maimaituwa: sassauƙa ɗaya, nannauya biyu. Malamai na kiran wannan ƙafa Fa'uulun. Sau huɗu take zuwa a ɗango, ta ƙarshen kuma yawanci a gutsure:

v – – / v – – / v – – / v –

Da baki: ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam. Gaɓa 11.

Yanzu ajiye bik. Tashi ka yi tafiya, ko ka zauna kana fifita gawayi, kana maimaita wannan ta-tam-tam har ya zauna maka a ka. Sa masa ƴar murya, kowace iri, ko ta almajiran da ke bara da waƙa a ƙofar gida. Muryar nan ita ce tubalinka na awo: duk ɗangon da ya shiga cikinta lami lafiya ya yi, wanda ya tokare bai yi ba. Da yawa daga cikin masu waƙa da haka suke aiki, ba su taɓa zana v da – ba. Alamomin amfaninsu shi ne su nuna maka inda ciwon yake bayan kunne ya ce akwai ciwo.

Mataki na huɗu: zubi da amsa-amo

Baiti shi ne rukunin ɗango. Waƙa mai ɗango ɗaya a baiti gwauruwa ce, mai biyu ƙwar biyu, haka har ƙwar biyar. Fara da ƙwar biyu.

Amsa-amo iri biyu ne. Babba shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba ta canzawa. Ƙarami shi ne na cikin baiti, wanda ke haɗa ɗangogin farko, yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. A ƙwar biyu babban kawai ya wajaba a kanka.

Kafin ka ɗaura wa kanka wata gaɓa, ƙirga dukiyarka. Rubuta kalmomi akalla ashirin masu ƙarewa da ita, sannan ka tace waɗanda suka dace da wutsiyar karinka. Ni "wa" na zaɓa. Mutaƙarab da v – yake ƙarewa, saboda haka ruwa, uwa, rawa, zuwa, kasuwa, gaisuwa, rayuwa, tsohuwa, haihuwa duk sun shiga. Dawa da giwa da tsawa kuwa, duk da sun ƙare da "wa", gaɓarsu ta kusa da ƙarshe nannauya ce, sai na ajiye su gefe. Inuwa ma ta faɗi, sassauƙa biyu ne a jere.

Shawara: guji amsa-amon "na" da "ta" na mallaka a waƙarka ta farko. Arha gare shi, kowace kalma za ta karɓe shi, shi ya sa ba ya koya wa mutum komai.

Mataki na biyar: gina baitin farko

Ka faɗi abin da kake so da magana tukuna. Ni na ce: manoma sun zuba ido gabas, inda hadari ke tasowa. Sai na gwada shi a kan murya:

*Manoma suna kallon hanyar gabas*

Na rera, ya tokare a tsakiya. Na auna: ma-noo-maa / su-naa-kal / lon-han-yar / ga-bas. Ƙafa ta uku nannauya uku ce, alhali da sassauƙa ya kamata ta fara. Laifin na "kallon" ne. Ina bukatar kalma mai ma'ana ɗaya da ita wadda ta ƙare da sassauƙa. Duba:

*Manoma suna duba hanyar gabas*

Ma-noo-maa / su-naa-duu / ba-han-yar / ga-bas. Ya zauna daram. Ka ga ƙafa ba ruwanta da iyakar kalma, tana iya raba "duba" biyu.

Ɗango na biyu dole ya ƙare da "wa". Abin da ya fara zo mini shi ne:

*Da fatan a yau za a sami ruwa*

Ƙafa ta uku a nan a-saa-mi ce, ƙarshenta ya yi sauƙi. Malaman aruli sun yarda da irin wannan ragi a Mutaƙarab, ba karaya ba ce. Amma in ka rera za ka ji ɗan ɗingishi, kuma mai koyo gara ya saba da tafiya miƙe kafin ya koyi rangwaɗa. Na sake:

*Manoma suna duba hanyar gabas,*
*Da fatan Ta'ala ya kawo ruwa.*

Baiti ɗaya ke nan. Zai iya cin maka awa guda ranar farko, kada abin ya dame ka.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce farawa daga baya. Na ɗauko "kasuwa" daga jerina, na tambayi kaina me ake kaiwa kasuwa a watan da rumbu ya yi ƙasa. Dabba. Akuya ta ƙi shiga karin, tunkiya ta shiga: u-waa-zaa / ta-kai-tun / ki-yaa-kaa / su-waa. Da na samu ɗango na biyu, na farko ya zo da kansa, tunda aikinsa kawai ya faɗi dalili:

*Hatsi ya yi tsada, gida ba tuwo,*
*Uwa za ta kai tunkiya kasuwa.*

Ka lura ban ce "talauci ya yi mana yawa" ba, ban ce "muna cikin baƙin ciki" ba. Duk mutumin Adar, wato yankinmu na Tawa, da ya ji uwa za ta rabu da tunkiyarta ya san sauran zancen.

Baiti na uku ruwan ya sauka. Na fara rufe shi da "Mu ɗauko iri, gobe ba kasuwa." Karin daidai, ma'anar ma daidai, amma na maimaita kalmar amsa-amo baiti ɗaya bayan ɗaya, abin da masana ke ɗauka aibi, don yana nuna jakar mai waƙa ta yi ƙasa. Na koma jerina na tarar da "gaisuwa". Sai ma ta fi, domin ranar shuka ba mai tsayawa dogon "ina gajiya, ina gida":

*Dare ya yi nisa, ruwa ya zubo,*
*Mu ɗauko iri, gobe ba gaisuwa.*

Haka za ka yi ta yi. Baiti bakwai zuwa goma sun ishi waƙar farko.

Mataki na shida: idan ɗango ya ƙi

Zai ƙi, sau da yawa. Ga hanyoyin da nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Sauya kalma da ƴar'uwarta, kamar yadda kallo ya ba duba wuri. Hausa ba ta da rowa a nan: Allah, Ta'ala, Ilahi, Rabbana, Jalla, kowanne da awonsa. Yara, ɗiya, ƴaƴa. Gari, birni, ƙauye.

Juya jimlar. "Ruwa ya zubo da dare" da "Da dare ruwa ya zubo" ba awonsu ɗaya ba, har "ya" ɗin ma yana iya gajarcewa.

Sai kuma abin da mu mutanen Adar muke da shi a hannu amma muke jin kunyarsa: harshenmu. Inda Bakano zai ce "suka", sassauƙa biyu, mu "sunka" muke cewa, nannauya da sassauƙa. "Muka" da "munka" haka. "Ya tafi" ya zama "yat tahi", gaɓar farko ta yi nauyi. "Wannan gari" ya zama "garin ga". Marubutan Kano da Zariya kansu sukan ari "sunka" da "munka" idan kari ya matse su, to kai da aka haifa da su me zai sa ka bar su? A lakwal da rediyo an sa mana jin cewa Hausar littafi ce kawai Hausa. A waƙa ba haka ba ne, tun asali da Hausar yamma aka rubuta da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin nan. Sharaɗi ɗaya: kada ka riƙa tsalle tsakanin Adaranci da Kananci ba dalili, har mai sauraro ya rasa ɗan ina ke magana.

Kalmomin aro na Faransanci ma haka. In jigonka zaman fada ne ko wahalar kuran, sa kuran ɗin, sa salula, sa kaye. Abin da ake faɗi ke nan. In kuwa kana so waƙar ta ƙetara Ƙonni ta shiga Najeriya, ka sani can lantarki suke cewa, sai ka auna.

Akwai ƴan cike-giɓi: dai, fa, ma, kam, ai. Suna ceton kari, amma gishiri ne. Ɗaya a baiti ba laifi. Uku a ɗango ɗaya, kowa ya gane ka rasa abin faɗi.

Hanya ta ƙarshe ita ce jefar da ɗangon gaba ɗaya. Takan yi zafi, musamman in shi ne ka fi so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne murɗe kalma, a ja gajeren wasali ya zama dogo don kari ya cika, har gari ya koma garin tuwo. Manya sukan yi shi jefi-jefi a inda ma'ana ba za ta rikice ba. Kai bari sai ka yi waƙa ashirin.

Mataki na bakwai: adon magana

Malaman adabi suna da sunaye: kamantawa, idan ka ce abu kamar wani abu yake, siffantawa, idan ka ce shi ne ma kai tsaye, mutuntarwa, idan ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar ka ce rani ya yi fushi. Sanin sunayen ba ya sa waƙa daɗi. Abin lura kawai shi ne kwatancen ya fito daga duniyar jigon. Waƙar noma a Adar ta ɗauko kwatance daga dutse da fako da rijiya da kwarin Majiya, ba daga teku da dusar ƙanƙara ba. Karin magana ma yana shiga, amma gutsurensa ya fi, ka faɗi rabi mai sauraro ya cika a ransa.

Mataki na takwas: buɗewa da rufewa

A al'adar rubutacciyar waƙa da sunan Allah da salati ga Annabi ake buɗewa, a rufe da godiya. Da yawa sukan saka sunansu a baitin ƙarshe, wasu har da yawan baitoci. Magabata kan ɓoye shekarar da suka yi waƙar cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. Marubutan zamani wasu na bi, wasu na shiga jigo kai tsaye. Zaɓi naka ne. In za ka bi, rubuta mabuɗin daga ƙarshe, bayan hannunka ya saba da karin, kuma kada ya wuce baiti biyu a waƙa mai baiti goma. Na sha jin waƙar da rabinta gabatarwa ce, kafin a iso ga zancen shayi ya huce.

Mataki na tara: kwanta, rera, gyara

Ka gama? Rufe kayen, kwana biyu kada ka buɗe. Ranar da ka dawo, kunna abin ɗaukar murya na salula ka rera daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Saurara kana bin rubutun da bik. Duk inda ka ji ka yi sauri, ko ka ja, ko ka haɗiye harafi, yi alama. Kunnenka ya fi gaskiya idan bakinka a rufe yake.

Gwaji na biyu ya fi tsanani. Ba wani takardar, wanda bai taɓa jin muryar da ka sa mata ba, ka ce ya karanta da ƙarfi. Kai ka san inda ramukan suke, kana tsallake su ba ka sani ba. Shi zai faɗa ciki.

Sannan ka kwafe ta da kyau. Sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, don kada baƙi ya koma baki. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, kamar yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999 ta tsayar, a Najeriya kuma 'y suke sawa. Kowanne ka ɗauka, tsaya a kansa. Allon rubutu na salula yana da Hausa, shiga saiti ka ƙara ta. A ƙasan waƙar sa ranar da ka gama da garin da kake. Kada ka dogara da salula kaɗai wajen ajiya, ni waƙoƙi shida suka tafi tare da wata da ta faɗa ruwa. Kaye ba ya neman caji.

Mataki na goma: kai ta gaban mutane

Fara da mutum ɗaya wanda ya san abin, malamin zaure ko malamin Hausa, ko tsohuwar da ta haddace waƙoƙin wa'azi tun tana yarinya. Irin waɗannan tsofaffi ba su san Fa'uulun ba, amma ba a karya kari a gabansu su yi shiru. Ka je da ladabi, ka rera, ka rufe baki. In an ce nan ta karye, kada ka kawo hujja irin tawa.

Bayan nan fada. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin shayi na biyu da na uku, an gama gardamar ƙwallo, ba a fara hamma ba. Za a yi maka ba'a, wannan dole ne. Kai dai lura da abu ɗaya: wane ɗango ne wani ya maimaita bayan ka gama? Ranar da na rera tawa, ba wanda ya kula da baitin da na fi wahala a kansa, amma har aka watse wani na ta faɗin "gobe ba gaisuwa". Daga nan na san inda ƙarfin waƙar yake. In ka samu mutum uku ko huɗu masu sha'awa, ku sa rana ɗaya a mako, ku zaɓi kari ɗaya da amsa-amo ɗaya, kowa ya zo da baiti biyar. Gidan matasa da al'adu na Albarka Cibau yana nan, ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani suna nan, gidajen rediyon gari ma suna da filayen Hausa. In za ka tura ta WhatsApp ko Facebook, tura murya tare da rubutu, kuma sunanka ya kasance cikin baitin ƙarshe, domin waƙa in ta fara yawo ba ta tuna gidansu.

In ƙwar biyu ta zauna maka

Abin da ke gaba shi ne tahamisi: a ɗauki baiti mai ɗango biyu a ɗora masa uku a sama, ya zama ƙwar biyar. Yawanci waƙar wani ake yi wa, don girmamawa, amma gwada a kan taka tukuna. Ɗangogi ukun da za ka ƙara dole su bi karin, su kuma yi amsa-amo da ɗangon farko na baitin asali. A nan ne ƙaramin amsa-amo ke fitowa.

Ɗauki baitin tunkiya. Ɗangonsa na farko da "tuwo" ya ƙare, saboda haka ina neman uku masu ƙarewa da "wo", kuma gaɓar da ke gabanta ta zama sassauƙa. Kiwo da yawo da kawo duk sun faɗi, farkonsu dogo ne. Awo ya shiga, yiwo ya shiga. Na samu ɗaya:

*Maƙwabta suna can wurin mai awo,*

Ma-ƙwab-taa / su-naa-can / wu-rin-mai / a-woo. Sauran biyun na bar musu fili a kaye. Ƙanen abokin nan nawa ya ce zai kawo su ranar Lahadi in an taso kasuwa, na ce masa sharaɗi ɗaya ne, kada in ji zuciya ko idaniya a ciki.